Takalman Nomau

Duk shekara idan hadarin farko ya haɗo daga gabas, sai unguwar masu tari ta faɗo mini a rai. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da ya same mu, ni da Nomau, ko wani mai shan magani zai ji ya ƙara haƙuri. Ni ba malama ba ce, ɗan rubutun nan ma a ƙasa na koye shi da tsinke, wanda ya ga ya karkace sai ya gyara.

Sunana Tsahara, mutuniyar Tabotaki. Ina da shekara goma sha bakwai tari ya kama ni, bayan an gama yankan gero. Makon farko aka ce sanyin kaka ne, Inna ta dafa mini citta da kanumfari. Mako na uku Gwaggo ta leƙa bakina ta ce beli ne ya yi tsawo, aka kira wanzami ya danne mini harshe ya yanke shi. Kwana huɗu ko kunu ban iya haɗiya ba, shi kuwa tarin ko a jikinsa. Kawu ya ce nonon raƙumi, aka samo wajen Buzaye. Maƙwabciyarmu ta ce sammu ne, aka yi rubutu na sha. Kowa ya shigo gidanmu likita ne, kuma kowa da gaskiyarsa yake faɗa, ni dai zane na ta yi mini yawa. Da la'asar zazzaɓi, da safe in tashi tabarma jiƙe da gumi.

Wata na huɗu, ina daka da ƙawayena, na yi tari sai ga jini a gefen turmi. Washegari na fito da taɓaryata na tarar sun koma daka gidan su Zali.

Tun daga ranar aka ware mini ƙwarya da ludayi. Inna ce ta ɗaura wa ludayin jan zare a wuya don kada ƙannena su ɗauka, tana ɗaurawa tana share hawaye da gefen mayafi. Ban ga laifinta ba, amma zaren nan ya fi tarin yi mini ciwo. Samari biyu da ke zuwa hira ƙofar gidanmu, ɗaya ya ce tafiya cin rani ta taso masa, ɗayan bai ma wahalar da kansa da neman dalili ba.

Kaka ce ta tsaya, mahaifiyar Baba, tsohuwa 'yar ƙarama mai bakin da ko maigari yana shakkarsa. Ta kai ni gidan likita na garin Buza aka ba ni maganin ruwa mai zaƙi, na shanye kwalba biyu ba canji. Da muka koma, ma'aikacin ya saurari bayana ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, mu nufi asibitin mishan da ke bakin kwalta. Baba ya sayar da awaki biyu, ranar kasuwa ya ɗora mu a bayan babbar mota, ni da Kaka da buhun gero da tukunya ɗaya. Bazara ta riga ta shigo.

Kwana uku muka yi a layi. Kowace safiya kafin a buɗe taga sai wani ya tashi ya yi wa'azinsu na Kirista, Kaka ta sunkuyar da kai tana jan carbinta, ba ta tanka ba, ba su kuma hana ta ba. Aka ba ni gwangwani in tofa majina safiya uku, aka ɗauki hoton ƙirjina. Likitan wani dogon Bature ne mai Hausa ta hanci. Ya ɗaga hoton wajen taga ya ce, "Tarin fuka ne. Allura sittin, kullum ɗaya, sannan ƙwaya shekara guda. Tari zai riga tafiya, ciwon yana nan baya. Kada ki bi tari." Wannan maganar har yau tana kunnena yadda ya faɗe ta.

Aka ba mu ɗaki a bayan asibiti, inda ake cewa unguwar masu tari. Ɗakunan ƙasa ne a jere, da wani babban gawo a tsakiya, da kuɗin cizo da ba su san ranar hutu ba. Masu talla ba sa miƙo mana abu hannu da hannu, sai su ajiye a ƙasa su ja da baya. Mai yi mana allura shi ne Majo Yohanna, babban ma'aikacin jinya, Kirista ne mai faɗa da tausayi a haɗe. Duk allurar da ya yi sai ya ja zane ɗaya a katinka. Ina gode masa har gobe, amma sai na faɗa, alluran nan tafasa su ake yi a sake amfani da su, wasu sun dakushe kamar ƙusa. Kafin mako biyu duk unguwar a kan ɗuwawu ɗaya muke zama.

Ina da allura ashirin da uku Nomau ya zo. Dogo ne, wuya kamar na zalɓe, ba mai jinya, ba tukunya, sai ƙullin kaya da wasu takalman taya manya-manya da ke jan ƙasa in yana tafiya. Ya zauna can gefen gawo shi kaɗai. Kaka ta dama fura, ta dube shi ta ce, "Kai yaro, ɗan wane gari?"

"Garhanga, Kaka."

"Ina mai jinyarka?"

"Babana ya rasu. Innata na gida da ƙannena mata biyu, babu mai barin su."

"To matso, ga hura."

Ya ce a'a, ya gode, yana da ciwo. Kaka ta ce, "Mu da kag gani nan biki munka zo?" Sai ya matso, ya kwance ƙullinsa ya fito da ludayi. A wuyan ludayin akwai baƙin zare. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba. Na ɗaga nawa na nuna masa. Ya duba, ya ce, "Naki ya hi kyau." Ya tsoma nasa a ƙwaryata muka sha tare. Wata biyar rabon da wani ya sa ludayi a ƙwaryar da nake sha, sai na juya baya kamar tari ne ya taso.

Daga nan ya zama ɗan ɗakinmu. Kaka ta ce ta yi miji, tana kiransa "mijin nan nawa maras nama", shi kuma yana cewa in ya warke zai ƙara mata kuɗin cefane. Ya yi lakkwal, wato makarantar boko, shekara huɗu kafin babansa ya rasu, saboda haka da hantsi, in an gama allura, sai ya share ƙasa a gindin gawo ya koya mini baƙaƙe. Sunana na fara rubutawa, sannan nasa, wai don nasa ya fi sauƙi. Ya koya mini ƙirga zanen da ke katina biyar-biyar. Idan tari ya sarƙe ɗayanmu, ɗayan sai ya yi shiru ya jira, ba sannu, ba kallon tausayi, in ya lafa a ci gaba daga inda aka tsaya. Masu lafiya ba su iya wannan ba.

Sauƙi ya zo a hankali. Mako na huɗu zazzaɓi ya sake ni, na biyar na cinye tuwona na leƙa na Kaka, na bakwai na ɗauki taɓarya. Shi ma wajen allura ta talatin tarinsa ya ɗauke, har ya fara ɗebo wa tsofaffi ruwa, sai dai ya ce kunnensa na hagu yana masa ƙara kamar an sa gyare a ciki. Wata rana da yamma, Kaka ta kwanta ta rufe fuska wai barci take, ya ce mini, "In na warke ina son in ga hanyar Tabotaki."

Na ce, "Hanya ce dut duwatsu."

Ya ɗaga ƙafa ya nuna mini takalmi. "Wanga tayar mota ce, Abijan ma ta je ta komo."

Daga ƙarƙashin mayafi Kaka ta ce, "Ina jin ku hwa."

Akwai wani dattijo a ɗakin kusa da mu, Baba Alio. Bara ya zo ya yi allura talatin, ya ji ƙarfi, ruwa ya sauka ya gudu ya yi shuka. Bana aka dawo da shi a amalanke, kuma allurar ta daina kama shi. Yakan zauna bakin ƙofa yana numfashi da kafaɗu, in ya ga Nomau ya ɗauko tulu ya ce, "Haka ni ma na ɗauka, ɗana." Ya rasu ana saura mako guda in gama. Mu muka share ɗakin, ni da Nomau.

Na cika sittin ranar wata Lahadi. Majo ya ce ba na sa wa kowa ciwo yanzu, in tafi gida da ƙwaya, duk wata in dawo in karɓi wata. Muna jiran motar kasuwa, kwana na huɗu da la'asar, gabas ta yi baƙi, iska ta taso, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Yara suna ta tsalle, amma mazan unguwar kowa ya tsaya bakin ƙofarsa yana shaƙar ƙamshin ƙasa, ba mai kallon wani. Duk manoma ne. Wanda bai taɓa noma a ƙasarmu ba ba zai gane ba, ruwan farko kwana biyu ne ko uku yake riƙe danshi, wanda ya makara ya makara har baɗi.

Da gari ya waye aka fara ɗaure kaya. Majo Yohanna ya tsaya a hanya da farantin allura a hannu, ya roƙi wannan, ya yi wa wancan faɗa, ya kira sunan Baba Alio, ya haɗa su da Allah. Suna ba shi haƙuri suna wucewa. Kafin hantsi fiye da rabin mazan sun tafi.

Nomau ya tsaya an yi masa tasa, ta arba'in da ɗaya. Na ce alhamdu lillahi. Sai na leƙa ɗakinsa na ga ƙulli a ɗaure.

"Saura sha tara, Nomau."

"Na sani. In yi shibka in komo, kwana goma."

"Baba Alio ma kwana goma yac ce."

"Tsahara, iri na rataye cikin rumbu. Inna ba ta iya sungumi, yaran nan ƙanana ne. In ruwan hwari ya wuce, mi za su ci?" Bai ɗaga murya ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ce motar azahar zai bi.

Da aka kira salla ya tafi wajen da maza suka kewaye da duwatsu suna salla, ya cire takalmansa a gefe. Allah ya yafe mini, ni ce na yi satar takalmi a masallaci. Na san zai iya aron wasu, na san ko ba takalmi ɗan ƙasarmu ta Adar zai taka dutse. Amma ba ni da wani abin da zan riƙe shi da shi, sai na riƙe wannan. Ya zo ya same ni zaune a kansu a ƙofar ɗakinmu.

"Ke kinka ɗauka?"

"Ni ce. Su za su tai Garhanga, kai kana nan. Ni na gama tawa, ni za ni yi shibkar."

Kaka ta ajiye muciya. "Ɗiya budurwa ta tai gonar saurayi? Da wane baki za ni gaya ma ubanki? Garin nan biyu sai sun shekara suna taunar sunanki."

Na ce, "Kaka, sunan nawa wa ke kiran shi yanzu?"

Ta dubi ƙafafun Nomau a ƙasa, ta dubi ɗakin Baba Alio da ke buɗe ba kowa. Sannan ta ce, "Tashi ki ɗaure kaya." Ta juya kansa ta nuna shi da muciya. "Kai kuma mijina, in ka kuskura ka biyo mu, aurena da kai ya mutu." Ya so ya yi dariya, sai ido ya kawo ruwa. Majo ya ƙirgo mini ƙwayar wata guda, ya ce ban da sara, ban da ɗaukar kaya. Ya kama hannun Nomau ya ce daga yau a gidansa zai riƙa cin tuwo.

Mota ta sauke mu a hanya, muka kwana gidan wata 'yar'uwar Kaka, washegari muka samu mai jaki ya raka mu. Da hantsi muka shiga Garhanga muna tambayar gidan Hajo, uwar Nomau. A nan muka yi wautar da har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Na ɗauka takalman za su zama shaida cewa shi ya aiko mu, sai na riƙe su a hannu muka yi sallama. Ni yarinya ce, amma Kaka da shekarunta ita ma ta manta cewa a wajenmu in mutum ya rasu a nesa, kayansa ake kawo wa gida. Inna Hajo ta fito, ta ga baƙi biyu, ta ga takalman ɗanta ba ɗanta. Ba ta tambayi komai ba, ta zube ƙasa tana salati, yaran suka fasa kuka, mata suka fara shigowa ta kan darni.

Na jefar da takalman na riƙe ta. "Inna, shina da rai. Wallahi shina da rai, jiya ma tuwo biyu ya ci." Sai da na rantse sau uku ta ɗago kai. Kaka ta zauna tana ta istigfari tana cewa tsufa ya ci amanarta. Da bayani ya kammala, Inna Hajo ta dube ni ta ce, "To ke wace ce tashi?" Kaka ta ce, "Abokiyar tarinshi ce. Ina iri?"

An yi ruwa a can ma, kowa yana gonarsa. Ranar Inna Hajo da Kaka suka kama sungumi suna karɓa-karɓa, ni da yaran muna bin su da iri, ba mu yi ko kwatan gonar ba rana ta faɗi. Da aka idar da magariba Kaka ta tsaya nesa da masallaci kamar da ni take magana, amma da muryar da za a ji a bayan gari. Ta ce ita dai ta ga abin mamaki, garin da tsohuwar Tabotaki ke yi wa marayunsa sara, ta ce in ta koma gida za ta ba da labari. Da safe muka tarar da maza shida a gonar da sungumansu.

Ni kuwa na sa takalman Nomau. Sara na gaba, ina biye, in jefa iri in rufe da diddige, takalmi yana fita ina mayarwa. Mazan ba mai matsowa kusa da ni, in sun zo shan ruwa su kewaye. Ban damu ba. Kwana biyu muka gama. A layin ƙarshe numfashi ya gagare ni na durƙusa ina tari, na duba ƙasa, ba jini. Da muka koma gida Inna Hajo ta dama fura. Na fito da ludayina zan koma gefe, ta karɓe shi, ta sa haƙori ta tsinke jan zaren, ta tsoma ta sha, ta miƙo mini.

A Tabotaki labari ya riga mu isa. Baba ya yi fushi kwana biyu, Kaka ta yi nata kwana uku, nata ya ci. Amma ni hankalina ba a nan yake ba. Ban sani ba ko ya zauna, ko ya biyo wata mota bayan mun tafi. Kullum da safe in haɗiyi ƙwayata in ja zane ɗaya a bangon ɗaki. Zane ya kai sha tara, ya kai ashirin, ya kai ashirin da uku, shiru.

Rana ta ashirin da huɗu ina tankaɗe aka yi sallama. Na leƙa, ga shi tsaye, ya ɗan yi kumatu, a ƙafarsa wasu tsofaffin takalman Majo Yohanna masu igiya. Ya gaida Baba a zaure ya daɗe a durƙushe, sannan aka bar ni na fita. Ya miƙo mini kati. Na ƙirga biyar-biyar yadda ya koya mini, na sake ƙirgawa. Sittin cif.

Ya ce, "Na biya gida, na ga gona. Gero ya hito. Amma layinki ya karkace."

Na ce, "Takalmanka sun yi mani yawa."

"To ba ni abina."

"Sai ka gama ƙwaya, saura wata goma sha biyu."

Haka aka yi. Duk wata muka haɗu a layin asibiti, Kaka tana tsakaninmu. Kuɗin tafiyar ya ci kaji da tunkiya, ƙwayar tana tayar da zuciya, sau da yawa na ji kamar in watsar. A layin nan muka sake ganin wasu daga cikin mazan da suka tafi ranar ruwa, an kawo su a kwance, wasu kuma sai dai muka ji labari. Ba ragwaye ba ne, ba jahilai ba ne, iyalinsu suka je ceto. Saboda haka mai shan magani, ina roƙonka, kada ka bi tari. Ku kuma 'yan'uwa da maƙwabta, in kuna da mutum a gadon jinya damina ta sauka, kada ku tsaya aika masa gaisuwa, ku je ku shuka masa gonarsa, shi ne maganin da likita ba shi da shi.

Ba mu fita lafiya lau ba. Kunnen Nomau na hagu ya tafi ke nan, shekara goma yanzu a damansa nake zama, in kuma na ga dama in koma hagu in faɗi abin da nake so. Ni ma in na hau tudu sai na tsaya na huta. Amma muna nan, da 'ya'ya uku, kuma duk gidan ƙwarya ɗaya muke sha.

An ɗaura mana aure bayan kaka, wata uku da gama ƙwayarsa. Ranar da aka kai ni Garhanga na ce a ɗora takalman a saman kayana, Inna ta ce abin kunya ne, Kaka ta ce a ɗora. Muna shiga gidan Inna Hajo ta fito tarbar amarya, idonta ya sauka a kansu, a daidai wurin da ta taɓa zubewa. Ta tsaya, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa.